Asusun ninki uku: da gaske za a hana ƙananan masu zuba jari saye?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a Amurka, direban babbar mota ne ni, kuma ɗan abin da nake ragewa ina sa shi a hannun jari ta waya. Tun bara nake riƙe da TQQQ, wanda ke ninka motsin Nasdaq sau uku, wani lokacin kuma nakan sayi SQQQ idan na ga alamar kasuwa za ta faɗi. An turo mana saƙo a zauren WhatsApp cewa hukuma na shirin hana irinmu sayen waɗannan, sai masu hannu da shuni kaɗai, wai mu rubuta mata mu nuna ba mu yarda ba. Gaskiya ne? Kuma mene ne aibinsu, tunda kuɗina ne?

Amsa: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya tsare hanya.

Saƙon da aka turo muku yana da tushe, sai dai an ƙara masa gishiri, kuma ya kwana biyu yana yawo. Shawarar da ta fi kama da abin da yake faɗa, hukumar SEC mai kula da kasuwar hannun jarin Amurka ce ta fitar da ita a watan Nuwamba 2019, ta kuma ajiye ta a Oktoba 2020. A Maris 2022 FINRA, ƙungiyar da ke sa ido kan dillalan hannun jari, ta sake tado maganar, amma tambayoyi ta yi wa jama'a, ba doka ta kafa ba. Shi ya sa kake iya danna waya a tashar mai ka sayi TQQQ ba tare da kowa ya ce maka kanzil ba. Zan zo kan dokar. Amma abin da ya fi tsaya mini a wasiƙarka shi ne "tun bara nake riƙe da shi", don duk rigimar da hukumomi ke yi a kan wannan jimlar take.

Alkawarin da TQQQ ya yi maka na yini ɗaya ne. Idan ma'aunin Nasdaq-100, wato lambar da ke nuna hawa da saukar farashin hannun jarin manyan kamfanoni ɗari na kasuwar Nasdaq, ya hau da kashi 1 cikin 100 daga rufe kasuwar jiya zuwa rufewar yau, shi zai hau da kimanin kashi 3. SQQQ kuma kishiyarsa ne, zai sauka da kashi 3. Wannan alkawarin suna cika shi kusan daidai kullum. Na wata guda ko na shekara kuwa, babu wanda ya ɗaukar maka, kuma haka suka rubuta ɓaro-ɓaro a takardar bayanin asusun.

Ka ɗauki wani ɗan kasuwar hatsi a Dawanau. Jarinsa naira miliyan 1, ya ranto miliyan 2, ya zuba masarar miliyan 3 a sito. Sai ya ɗora wa kansa ƙa'ida: kullum kafin a tashi kasuwa, hajar da ke sitonsa sai ta zama ninki uku na jarinsa na ranar, ba ƙari ba ragi. Ran Litinin masara ta tashi da kashi 10. Haja ta koma miliyan 3.3, bashi na nan miliyan 2, nasa ya zama miliyan 1.3. Ya ci kashi 30, madalla. To amma ƙa'idarsa ta ce haja ta kai miliyan 3.9, don haka da la'asar sakaliya ya ƙara ranto dubu 600 ya sayi masara a sabon farashi mai tsada. Ran Talata motoci suka shigo daga ƙauyuka, farashi ya koma daidai inda ya taso. Hajar miliyan 3.9 ta dawo kimanin miliyan 3 da dubu 545, bashin kuwa yanzu miliyan 2.6 ne. Abin da ya rage nasa dubu 945. Buhun masara yana nan a kuɗinsa na shekaranjiya, shi kuwa dubu 55 sun bi ruwa. Bai tsira ba tukuna: ƙa'idar ta tilasta masa ya fitar da masarar kimanin dubu 700 ya sayar a farashin da ya faɗi, don haja ta daidaita da jarin da ya ragu.

Aikin manajan TQQQ ke nan kowace rana dab da ƙarfe 4 na yamma agogon New York. Bambancin kawai shi ne yawancin ninkin ba ta hanyar rance kai tsaye yake samunsa ba. Yarjejeniya yake ƙullawa da manyan bankuna, su biya shi ribar ma'aunin ko ya biya su asararsa, su kuma caje shi kuɗin ruwa, tare da kwantiragin cinikin gaba, wato yarjejeniyar saye ko sayarwa nan gaba a farashin da aka tsayar yau. Idan kasuwa ta hau ya ƙara saye, idan ta faɗi ya rage. Ba sakarci ba ne. Dole ne wanda ya shigo yau ya sami ninki uku na yau, kuma da ba a ragewa bayan faɗuwa, da bashin ya rinjayi jarin har a wayi gari asusun ya koma ƙasa da sifili. Kariya ce, amma mai riƙewa na dogon lokaci shi ke biyan kuɗinta.

Ka maimaita wancan hawa da sauka na kwana biyu sau goma: ma'auni yana nan a 100, asusun ninki uku ya koma 57, na kishiya mai ninki uku ya koma kusan 32. Wanda ya ce za ta hau da wanda ya ce za ta faɗi duk sun kwana ciki. Kada ka ce lissafin allo ne kawai. FINRA da kanta ta kawo misali a sanarwarta ta Yuni 2009: daga 1 ga Disamba 2008 zuwa 30 ga Afrilu 2009 ma'aunin kamfanonin kuɗi na Russell 1000 ya hau da kimanin kashi 8, asusun da ke ninka shi sau uku ya faɗi da kashi 53, na kishiyarsa ya faɗi da kashi 90. A cikin sanarwar ce ta ce galibi waɗannan ba su dace da ƙaramin mai zuba jari da ke da niyyar riƙe su fiye da yini ɗaya ba.

Naka ma ya nuna hali. A 2022 Nasdaq-100 ya faɗi da kimanin kashi 33, TQQQ ya faɗi da kimanin kashi 79. A 2023 ma'aunin ya hau da fiye da kashi 50, TQQQ ya kusa ninka kansa sau uku. Abin sha'awa, in ka ji shi kaɗai. Amma wanda ya sa dala 100 a ma'aunin a farkon 2022, ƙarshen 2023 ya riske shi da kuɗinsa har da ɗan ɗori. Wanda ya sa a TQQQ yana da sittin da 'yan kai. SQQQ kuwa tun da aka buɗe shi a 2010 ya zubar da fiye da kashi 99 na darajarsa, kuma an sha haɗe hannayen jarinsa, huɗu ko biyar su koma ɗaya, don farashin ya ci gaba da zama abin dubawa.

Adalci shi ne in faɗi ɗaya ɓangaren. Idan kasuwa ta miƙe hanya ɗaya ba waiwaye, wannan daidaitawar ta kullum riba take ƙara maka. Hawan kashi 10 kwana uku a jere ya ba ma'auni kashi 33, ya ba asusun ninki uku kusan kashi 120, fiye da ninki ukun da kake tsammani. Wanda ya sayi TQQQ a 2010 ya manta da shi shekara goma ya yi kuɗi na ban mamaki, kuma irin labarinsu ne ke yawo a YouTube. Abin da ba su cika faɗa ba shi ne a yawancin waɗancan shekarun kuɗin ruwa a Amurka kusan sifili yake. Asusun ninki uku tamkar ya ranci ninki biyu na jarinka ne. Lokacin da babban bankin Amurka ya riƙe kuɗin ruwa tsakanin kashi 5.25 da 5.5, daga Yulin 2023 zuwa Satumbar 2024, wannan rancen kaɗai yana cin fiye da kashi 10 na jarinka a shekara, ban da ladan manaja na kusan kashi 1. Ba za ka ga wannan a allon wayarka ba, a cikin farashin yake narkewa.

Akwai kuma ranar da ba a tashi. Ran 5 ga Fabrairu 2018 ma'aunin fargabar kasuwa, VIX, ya ninka kansa fiye da sau biyu a yini guda, hajar XIV ta bankin Credit Suisse, wani jarin da ke cin riba idan kasuwa ta lafa, ya zubar da kimanin kashi 96, bankin ya rufe shi a cikin watan. A Maris 2020, da korona ta kaɗa kasuwa, kamfanin Direxion, ɗaya daga cikin masu fitar da irin wannan hajar, da kansa ya sauke asusu goma daga ninki uku zuwa biyu, ciki har da na haƙar zinare da na mai. A Oktoba 2025, ranar da kamfanin AMD ya sanar da yarjejeniyarsa da OpenAI, hannun jarinsa ya yi tsallen fiye da kashi ɗaya cikin uku ana tsakar ciniki, wata hajar kamfanin GraniteShares a Turai mai ninki uku ta kishiyar AMD ta koma sifili nan take. Wanda ke ciki ko kwabo bai tsira da shi ba.

Yanzu doka. Kamfanin ProShares, mai TQQQ da SQQQ, ya fito da irin waɗannan asusu a kasuwar Amurka a 2006, Direxion ya kawo masu ninki uku a Nuwamba 2008, tsakiyar rikicin tattalin arziki. A 2010 SEC ta dakatar da ba sababbin kamfanoni izini, abin da ya bar kasuwar kusan gaba ɗaya a hannun waɗannan biyun har shekara goma. A 2012 FINRA ta sa Citigroup, Morgan Stanley, UBS da Wells Fargo biyan dala miliyan 9.1, tara da diyya, saboda sun sayar wa mutane hajar ba tare da kulawar da ta kamata ba. A 2015 SEC ta kawo shawarar iyaka mai tsanani wadda da ta tabbata da ta kashe yawancin asusun ninki biyu da uku. Ba ta kai ko'ina ba.

Ta 2019 ita ce tushen saƙonku. Ba ta ce a hana ba. Cewa ta yi kafin dillali ya karɓi odar mutum ta farko, sai ya tambaye shi abubuwa: me yake nufi da jarin, tsawon wane lokaci, aikinsa, abin da yake samu a shekara, dukiyarsa, nawa ne kuɗin da zai iya taɓawa nan take, kashi nawa daga ciki yake son sawa a wannan hajar, da kuma abin da ya sani game da ita. Daga nan dillalin ya yanke ko akwai dalilin yarda cewa mutumin zai iya auna haɗarin, ya buɗe masa ƙofa ko ya ƙi. An kwaikwayo tsarin ne daga yadda ake amincewa da masu cinikin kwantiragin zaɓi, wato sayen damar saye ko sayar da hannun jari nan gaba a farashin da aka tsayar. Babu adadin dukiyar da aka gindaya. Sai dai duk wanda ya san dillalai ya san cewa da zarar an tambayi albashi da dukiya, su za a duba, don su ne masu sauƙin kare kai da su gaban hukuma. Don haka tsoron da ke cikin saƙonku ba shaci-faɗi ba ne.

Kwamishinonin SEC biyu, Hester Peirce da Elad Roisman, tun a lokacin suka nuna damuwa cewa hukuma na neman zama uwar mutane. ProShares da Direxion suka aika wa masu riƙe da hajarsu cewa su rubuta, dubban wasiƙu suka kwarara, kusan duka na ƙin yarda. Ran 28 ga Oktoba 2020, ƙarƙashin shugabanta na lokacin, Jay Clayton, hukumar ta zartar da dokar da ake kira 18f-4 da ƙuri'a uku da biyu. Ta jefar da maganar tantance mai saye. A madadinta ta sa wa hajar kanta iyaka: sabon asusu kada haɗarinsa ya wuce ninki biyu na abin da yake bi. Tsofaffin masu ninki uku da ke kasuwa a ranar, irin TQQQ da SQQQ, aka bar su su ci gaba. Kwamishinoni Allison Herren Lee da Caroline Crenshaw suka ƙi amincewa, suna ganin an bar ƙaramin mai saye a fili. Hujjar masu rinjaye ita ce akwai sabuwar dokar da ta fara aiki a Yuni 2020, wadda ta wajabta wa dillali fifita maslahar abokin cinikinsa. Gaskiya ne, amma tana aiki ne idan dillalin ya ba ka shawara. Kai da kake danna waya da kanka, ba ta san da zamanka ba.

A ganina nan ne hukumar ta saki reshe ta kama ganye. Ta ƙidaya ninki, alhali ɓarnar tana fitowa ne daga haɗuwar abu uku: ninkin, tsananin tangal-tangal ɗin abin da ake ninkawa, da yawan kwanakin riƙewa. Dokar ta kuma buɗe wa kowane kamfani ƙofar fito da asusun ninki biyu ba sai da izini na musamman ba. A Yuli 2022 kamfanin AXS ya fito da na farko masu bin hannun jarin kamfani guda ɗaya, sai Direxion da GraniteShares da sauransu suka biyo, kan Tesla, Nvidia, daga baya har MicroStrategy, kamfanin da darajarsa ke rawa da Bitcoin. Ka yi lissafi: ma'aunin da ke tangal-tangal na kashi 20 a shekara, idan ya ƙare shekara inda ya fara, asusun ninki uku a kansa zai rasa kimanin kashi 11 ta wannan zaizayar. Hannun jarin kamfani guda mai tangal-tangal na kashi 60, asusun ninki biyu kacal a kansa zai rasa kimanin kashi 30. Wanda doka ta kira mai sauƙi ya fi wanda ta hana cizo. Sannan babbar kasuwa tana da birki, ana rufe ta na ranar idan ma'aunin manyan kamfanoni 500 na Amurka, S&P 500, ya faɗi da kashi 20; kamfani guda kuwa yana iya kwana a farashi ya tashi da rabinsa.

Wata ɓarakar kuma: dokar ta shafi asusu ne kawai. Takardun bashi da bankuna ke fitarwa masu bin ma'auni, irin XIV ɗin nan, ba su shiga ciki ba. Ta wannan ƙofar Bankin Montreal ya fito da mai ninki huɗu kan S&P 500 a Disamba 2023. A Oktoba 2025 wasu kamfanoni suka gwada sa'arsu da neman ninki uku har biyar kan hannayen jari guda-guda, sai a farkon Disamba SEC ta rubuta wa tara daga cikinsu cewa ba za ta ci gaba da duba takardunsu ba sai sun bi iyakar. In akwai wata hanawa ta kwanan nan, wannan ce, kuma kamfanoni aka taka wa birki, ba masu saye ba.

Ka ce kuɗinka ne. Na yarda, kuma masu adawa da takurawar suna da hujjoji da ba na rainawa. Da TQQQ ba za ka yi asarar fiye da abin da ka sa ba. Wanda ya ranci kuɗin dillali ya sayi hannun jari yana iya wayar gari ana binsa bashi, kuma ruwan da dillali ke caji ƙaramin mutum ya fi na asusun tsada. Wanda kuɗinsa ke asusun ritaya, inda ba a yarda da rance ko sayar da abin aro ba, asusun kishiya na daga cikin 'yan hanyoyin da zai kare kansa na mako ɗaya ko biyu. Kuma auna hankali da dukiya zalunci ne. Amurka ta daɗe tana yin haka a wasu hajoji, inda sai mai samun dala dubu 200 a shekara ko mai dukiyar miliyan 1 ban da gidansa ake bari ya shiga. Na ga likitoci masu albashi mai tsoka da suka riƙe asusun kishiya shekara biyu suna jiran faɗuwar kasuwa, na kuma ga masu ƙaramin ƙarfi da suka fahimci daidaitawar kullum sarai. Aljihu ba ya nuna wanda ya gane.

Amma ka san wanda ya rubuta saƙon da ake ce ka sa wa hannu. TQQQ kaɗai ya riƙe fiye da dala biliyan 20 a 'yan shekarun nan, ladan kusan kashi 1 a kan wannan kuɗi ya doshi dala miliyan 200 a shekara. Ladan kuma a kan kuɗin da ya kwana ake cirarsa. Kamfanin ProShares yana rubuta maka cewa hajar ta yini ɗaya ce, amma cinikinsa ya fi kyau idan ka riƙe. Ba na cewa ƙarya suke yi game da 'yancinka. Cewa nake suna da tuwo a maganar.

Ita ma shawarar 2019 ba ta burge ni ba, don tsarin da ta kwaikwaya ya riga ya nuna rauninsa. A Yuni 2021 FINRA ta sa Robinhood, dillalin hannun jari ta manhajar waya, biyan kusan dala miliyan 70, kuma cikin laifukan har da barin na'ura ta amince wa dubban mutane cinikin kwantiragin zaɓi bisa amsoshin da ke karo da juna. Fom ɗin da mutum zai cike da kansa cewa yana da ƙwarewar shekara uku, in aka ƙi shi ya koma ya canza amsa, kariyar dillali ce gaban kotu, ba ta mai saye ba.

Da za a tambaye ni, abin da zan goyi baya shi ne gwajin fahimta da kowa zai yi, mai kuɗi da talaka, sau ɗaya, kuma ba a tambayi albashin kowa ba. Tambaya uku sun isa: a ba mutum hawa da sauka na kwana biyu ya lissafa inda asusun zai tsaya, a tambaye shi faɗuwar kashi nawa a yini za ta share ninki uku, a tambaye shi wa ke biyan kuɗin ruwan ninkin. Koriya ta Kudu, inda matasa ke rububin wannan hajar, ta wajabta karatun awa ɗaya ta intanet tun wajen 2020 zuwa 2021, tare da ajiyar won miliyan 10, kuɗin ƙasar, kafin a fara. Karatun na yaba, ajiyar ban yaba ba, don ita ce dai katangar dukiyar da muke ƙi. Turai kuma a 2018, da ta zo kan wata hajar ninki da ake kira CFD, ta tilasta wa kowane dillali ya rubuta a tallarsa kashi nawa na abokan cinikinsa ke asara, bayan binciken hukumominta ya nuna tsakanin kashi 74 zuwa 89 ne. Wannan ya fi shafi hamsin na gargaɗin lauyoyi tasiri. Sai na uku, wanda ya fi sauƙi a zamanin waya: manhajar da ta san ka riƙe asusun kwana talatin ta turo maka lamba biyu, abin da ninki uku na ma'aunin zai ba ka da abin da ka samu a zahiri. FINRA ta tambayi jama'a game da gwajin ilimi da ƙarin gargaɗi a sanarwarta ta 2022, wasiƙun ƙin yarda suka sake yin ambaliya. Idan wata shawarar ta sake fitowa kana son rubutu, kana da haƙƙi, ana kuma karantawa. Ka rubuta da bakinka, ka ce kana adawa da ma'aunin dukiya, ka faɗi abin da za ka yarda da shi. Wasiƙa ɗaya mai hujja ta fi dubu masu kalmomi iri ɗaya nauyi, don waɗancan a dunƙule ake ƙirga su.

'Yan'uwa da ke gida masu sayen hannun jarin Amurka ta manhajoji, wannan ya shafe ku ta hanya biyu. Odarku tana bi ta hannun dillali a Amurka ne, don haka duk abin da aka ɗora masa zai iso gare ku, kuma dillali na iya rufe ƙofar da kansa ba sai da doka ba, kamar yadda Vanguard ya daina karɓar odar sayen irin wannan hajar tun Janairu 2019. Na biyu, faɗuwar naira tana ɓoye asara. Tsakanin tsakiyar 2023 da farkon 2024 dala ta tashi daga wajen naira 460 zuwa wajen 1,500 a farashin hukuma. Wanda jarinsa ya zube da rabi a dala zai ga riba a naira ya yi ta murna. Da dala za ku auna.

Akwai tambayar da ba ka yi ba amma na san tana zuwa, ta halacci. Fatawa ta malamai ce. Nawa shi ne in gaya maka abin da ke cikin hajar don ka kai musu cikakken bayani: akwai kuɗin ruwa a cikin yarjejeniyar bankunan, akwai cinikin gaba da ba a karɓar kaya sai biyan bambanci, asusun kishiya kuma a kan faɗuwar abin da bai mallaka ba yake cin riba. Majalisar Fiƙihu ta Duniya da ke Jidda ta yi matsaya tun 1992 cewa saye da sayar da ma'aunin kasuwa kansa bai halatta ba. Kada ka ce wa malam "hannun jarin kamfanonin fasaha ne" kawai, don ba shi ke nan ba.

Game da wanda ke hannunka, ba zan ce ka sayar ko ka riƙe ba, tunda ban san sauran lamarinka ba. Ga dai aikin minti goma idan ka tsaya hutu. Nemo ranar da ka saya, ka duba kashi nawa Nasdaq-100 ya motsa daga ranar zuwa yau, ka ninka sau uku, ka kwatanta da abin da TQQQ ya ba ka. Sannan ka buɗe takardar bayanin asusun a shafin ProShares. Akwai jadawali a ciki da ke nuna abin da zai faru a shekara guda a matakai daban-daban na motsin ma'auni da tangal-tangal ɗinsa, ka nemo layin da ma'auni bai motsa ba ka bi shi zuwa dama. Bayan haka ka ɗauki adadin dalar da ke ciki yanzu ka cire kashi 79, kamar yadda ya faru a 2022, ka duba ko abin da ya rage zai taɓa kuɗin haya, inshorar mota, ko abin da kake aikawa gida. In zai taɓa, adadin ya yi yawa. Idan kuma ka yanke shawarar ragewa, ka duba kwanan watan sayenka tukuna: a Amurka ribar abin da ka riƙe shekara ɗaya ko ƙasa da haka ana yi mata haraji kamar albashi, wadda ta haura shekara kuwa harajinta ya fi sauƙi.